'Ya'yanki Nawa?

Duk Bahaushen da ya tashi a gaban iyayensa ya san ba a tsayawa a gaban mace a ce mata, "'Ya'yanki nawa?" Ko ta amsa, ba lallai ne ta ba ka lissafin da kake nema ba. Wata tsoron baki take yi, wata kunya, wata kuwa akwai waɗanda ta binne, ba ta so a tono mata. Na san wannan tun ina yawo ba wando. Duk da haka sai da na yi wata biyu ina bin gidaje da takarda da biro, ina yi wa mata wannan tambayar da bakina, ina rubuta abin da suka ce kamar daga bakin alƙali na ji shi.

A Gadarif aka haife ni, a gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha. Kakana daga ƙasar Haɗeja ya taso a ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a hanya, ya tsaya noman damina ɗaya don ya haɗa kuɗin jirgin ruwa. Daminar nan har yau ba ta ƙare ba. Irinmu muna da yawa, tun daga Mai Wurno kusa da Sinnar har ƙauyukan bakin kogin Rahad da na Atbara. A kasuwa Larabci muke yi, a gida Hausa. Na yi karatun mataimakin likita, kuma a farkon shekarun 2000 wata tawagar masu bincike ta zo neman wanda zai yi mata tafinta a ƙauyukan Hausawa na bakin Rahad. Suna so su san yadda kalazar ta bazu: mutum nawa ta kama, su wane ne, a ina suke kwana. Bakina biyu ne ya samo mini aikin, ba takardata ba.

Kalazar suna ne daga Indiya, ma'anarsa baƙin zazzaɓi. A littafi ana ce wa cutar lishmaniya, daga sunan wani likitan sojan Birtaniya, William Leishman, wanda shi da Charles Donovan, kowa a nasa wurin, suka bayyana ƙwayar cutar a 1903. Iri-iri ce. Akwai ta fata, wadda ake samu har a arewacin Nijeriya da Nijar, gyambon nan da kan yi watanni yana ƙin magani, in ya ga dama ya warke ya bar tabo. Wannan ba ta cika kisa ba. Tamu ta Gadarif ta ciki ce. Tana shiga saifa da hanta da ɓargo, ta zauna a cikin ƙwayoyin jinin da Allah ya halitta don su cinye cuta, ta mai da su ɗakin kwananta. Wanda ta kwantar, in bai sami magani ba, fiye da kashi 95 cikin ɗari mutuwa ce.

Mai ɗauko ta wani ɗan ƙuda ne. Larabawa suna ce masa ƙudan rairayi, amma namu ba ruwansa da rairayi. Gidansa baƙar laka, irin wadda in bazara ta yi take darewa har ƙafar jaki ta faɗa, da kurmin dushe da aduwa. Tsawonsa milimita biyu zuwa uku, ba ya kuka a kunne, tashinsa ma tsalle-tsalle ne. Macen ce ke cizo, daga faɗuwar rana zuwa asuba. Yana yawaita daga Maris zuwa Yuni, daidai lokacin da zafi ke korar kowa daga ɗaki a fito da gadon igiya tsakar gida, kuma gidan sauro mai manyan idanu ratsa shi yake yi. Cizon bazara yawanci ba ya nuna kansa sai bayan wata biyu zuwa shida. Lokacin damina ta sauka, laka ta rufe hanya sai tarakta, zazzaɓin cizon sauro ya cika gari. Yaro ya fara zafin jiki, kowa ya ce na sauro ne. A ba shi magani sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Kafin a gane ba shi ba ne, cikin ya fito, wuyan ya zama kamar kara.

Shugaban tawagar likita ne mai ƙarancin magana, ba ya jin Hausa ko ta sannu. Ranar farko ya zaunar da mu a inuwa ya ce aikin nan kashi biyu ne, kuma na farko ya fi na biyu. Na biyu shi ne gano marar lafiya. Na farko shi ne ƙirga kowa da kowa. Idan ka ce yara goma sun kamu, ba ka faɗi komai ba sai ka ce goma cikin nawa. Saboda haka kafin a taɓa cikin kowa, sai an bi gari gida-gida, a sa wa kowace ƙofa lamba da alli, a zana taswira, a ba kowane rai layinsa a takarda. Na gyaɗa kai. A raina ina ganin ƙirga aikin yara ne, ni allura da madubin likita nake so a bar ni in riƙe.

Bayan ƙirga sai a taru gindin bishiya. A kwantar da yaro a tabarma, ya lanƙwashe gwiwa, likita ya sa hannu ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ya ce a ja numfashi. Saifar mai lafiya ba ta taɓuwa. Ta mai kalazar kuwa takan sauko ta bugi yatsu, wani lokaci har ta wuce cibiya. A huda yatsa a ɗiga jini a wata takarda mai tsotsa, a shanya a inuwa, a kai ɗakin gwaji. A yi wata 'yar allura cikin fatar hannu, bayan kwana biyu zuwa uku a dawo a zagaye taurin da biro a auna. In ya kai milimita biyar, jikin ya taɓa gamuwa da cutar ya yi galaba. Wanda ake zargi kuwa, a zuƙo ruwa daga kaluluwarsa a shafa a gilashi a rina, a duba a madubi da hasken rana. Na farko da na gani da idona ban manta ba, ɗigo-ɗigo kamar an watsa riɗi a cikin ƙwaya ɗaya. Tsofaffi suna kallonmu suna ƙus-ƙus, wai jinin yara ake tarawa a kai Turai a sayar. Ni ne mai kwantar musu da hankali, kuma na iya. "Baba, ɗigo ɗaya ne fa, ko ƙuda ba zai ƙoshi da shi ba." A yi dariya, a miƙo hannu.

Akwai wani abu da na shiga aikin da shi, wanda ban faɗa wa kowa ba. Kafin zuwanmu wasu masana sun bi ƙauyuka biyu a yankin daga 1994 zuwa 1996, Um Salala ta ƙabilar Masalit da Mushra Koka ta Hausawa. A Um Salala, cikin kowane mutum dubu, kusan 20 suka kwanta a shekarar farko, 38 a ta biyu. A ƙauyen Hausawa daga uku ne zuwa biyar. Ƙudan yana cizon kowa, amma Hausawa da yawa sukan ɗauki ƙwayar su wuce ba su kwanta ba. Masana suna ta tattauna dalili, ko abinci ne, ko daɗewar zama a wurin, ko gado. Aikinsu tsaf yake, ba shi da laifi. Ni ne na ɗauke shi na ɗinka rigar alfahari da shi. Mu da aka saba ce wa baƙi a ƙasar da aka binne kakanninmu, ga shi takarda ta ce akwai abin da muka fi wasu. Na riƙa faɗa a wurin shan shayi cewa kalazar ba cutarmu ba ce. Uku zuwa biyar cikin dubu ba sifili ba ne, ko ɗan aji uku ya san haka. Amma wanda ya riga ya yanke hukunci ba ya sauraron shaida.

Ga kuma wani abu ƙarami, wanda ya fi ba ni kunya. An san ni da sauri. Abokin aikina yakan gama gida ashirin a yini, ni in gama talatin. Likita ya taɓa yaba mini a gaban mutane, kuma ina so a sake ɗaukata a zagaye na gaba.

A watan Nuwamba ne, hanya ta bushe, an gama yankan riɗi, dawa ta sunkuya. Maza duk suna gona. Mai gari ya ba mu izinin shiga gidaje, ya haɗa mu da wani yaro mai yi mana sallama. Bayan la'asar muka isa wani gida a gefen gari, na rubuta 47 a jikin ƙyauren kwano. Ranar likita ya biyo ni don ya ga yadda nake aiki. Matar gidan tana daka, da goyo a baya. Ta ajiye taɓarya ta gyara mayafi, muka gaisa.

"Uwargida, ku nawa ne a gidan?"

"Ni da maigidan, sai yara."

"'Ya'yanki nawa?"

Ta ɗan yi shiru. "Uku."

Ta kira su, na rubuta: yarinya 'yar shekara shida, yaro ɗan uku, da na goye. Ina rubutu ina ganin wani allo jingine da zana, an wanke shi, babba ne, ba na 'yar shekara shida ba. Na rufe biro ke nan sai ta ce, ba ni take kallo ba, cikin turmi take kallo, murya ƙasa-ƙasa:

"Sai kuma wani can wajen tsohuwa, a gona. An ce jikin nasa sai a hankali."

Duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ya san abin da ta faɗa. "Wani" ɗan farinta ne. Ba za ta kama sunansa ba, ba za ta ƙirga shi cikin nata a gaban baƙo ba, tun da aka yaye shi yana hannun kakarsa. "An ce" kuwa ba don ba ta sani ba ne. Kunya ce ta hana ta nuna ita ce ke kwana ba barci saboda shi. Kuma macen da ta iya danne kunyar ɗan fari har ta ambace shi ga namiji baƙo, abin ya kai mata wuya. A irin tarbiyyarmu wannan ihu ne. Saboda irin wannan maganar aka ɗauke ni aiki, don Balarabe ko ya iya Hausa ba zai ji ta ba.

Na ji ta sarai. Na kuma yi lissafi a tsaye, cikin ƙiftawar ido. Gonakin suna ƙetaren wata ƙorama, tafiyar kusan awa ɗaya a ƙafa, mota ba ta shiga. Saura gida tara. Direba ya ce ba zai yi tuƙin dare ba. A saman takardar an rubuta cewa 'yan gida su ne waɗanda ke kwana a gidan suna ci daga tukunya ɗaya, yaron kuwa ba a nan yake kwana ba, doka ta wanke ni. Sannan zazzaɓin kaka ne, wa bai yi ba? Ɗan Hausawa ne kuma.

Likita ya ce da Larabci, "Me ta ƙara?"

Na ce, "Ta ce uku ne, duk lafiya."

Na juya na ce mata, "Allah ya ba shi lafiya. A ba shi maganin zazzaɓi." Ta ce amin, ta ɗauki taɓaryarta. Muka gama gida taran nan kafin magariba.

Ba zan yi ƙarya in ce abin ya hana ni barci ba. Na manta da shi kafin mu kai masauki.

A watan Afrilu muka koma zagaye na biyu. Wannan karon har da masu kama ƙuda, suna kafa takardu shafe da man zurma a bakin tsagar ƙasa da kogon bishiya, da safe a tsince abin da ya manne da tsinke. Mu kuma muna bin lambobinmu da sabuwar takarda: wa aka haifa, wa ya yi tafiya, wa ya kwanta, wa ya rasu tun zuwanmu na baya. Allin gida na 47 ya kusa gogewa. A tsakar gida na tarar da wata tsohuwa tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe ta, na karanto sunaye biyar, aka ce duk suna nan. Na tambaya ko an yi rashi.

Tsohuwar ta ce, "Maigidana ya tafi ya bar ni, ɗan nan."

Na fara yi mata ta'aziyyar miji, sai na ga allon. Jikanta take nufi.

Ta ba ni labarin tana ɓarar gyaɗarta, ba ta tsaya ba. Shekararsa tara. Tun bazarar bara yana tare da ita a bukkar gona, suna kwana a waje gindin aduwa. Zazzaɓin ya fara ne wajen tsakiyar damina, ya zo da rana ya tafi, ya dawo da dare. An sayo maganin zazzaɓin sauro sau uku. Abin da ya ruɗe su, in ji ta, yaron yana cin tuwonsa, bai ƙi abinci ba, amma yana ci yana ƙarewa. Da cikin ya kumbura aka kira wanzami ya yi masa tsaga a gefen hagu, daga baya aka yi lalas. Sai haɓo, jini ya ƙi tsayawa, sai tari. Da aka sayar da riɗi aka sami kuɗin mota, uban ya ɗauke shi zuwa inda ake allurar kalazar. An karɓe shi, an fara. Kwana huɗu ya yi.

"An ce kun zo da kaka," ta ce. "Na ce da sun san muna can da sun ƙaraso. Ina za su sani?"

Ban ce komai ba. Uwar tana bakin murhu, ta ba mu baya. Ita ta san na sani.

Da dare magatakardan tawagar yana shigar da takardu a hasken fitila, ya kira ni. Ya ce akwai mamaci a gida na 47 amma ba shi da lamba. Wanda ba a ƙirga da rai ba, ba a iya ƙirga shi da mutuwa. A lissafin goma cikin nawa, ba ya cikin na sama, ba ya cikin na ƙasa. Ya ce mafi sauƙi a ɗauke shi baƙo ne da ya zo ya rasu, a soke layin. Ba mugunta yake yi ba, ƙa'idar ke nan. Da na ce to, da magana ta ƙare a nan, kuma ƙauyen zai fito a rahoto babu wanda kalazar ta kashe, abin da nake ta faɗa a wurin shayi. Na tsaya riƙe da takardar har ya ɗago ya dube ni. Abin da ya tura ni ɗakin likita ba jarumtaka ba ce. Bayan matar nan ne a bakin murhu.

Na faɗa masa duka, har da abin da ta ce da abin da na ce ta ce. Na shirya wa faɗa, na shirya wa kora. Ya cire tabarau ya murza ido, ya daɗe, sannan ya ce, "Irinsa nawa ne a garin?"

Wannan tambayar ta fi mari zafi, don ban taɓa yi wa kaina ita ba. Ni ina ta kallon laifina a kan yaro ɗaya, shi yana kallon ramin da yaron ya faɗa.

Aka ƙara mana kwana huɗu, aka sake ƙirga garin daga farko. Wannan karon mai gari ya haɗa mu da ungozomar garin, wata tsohuwa mai goro a kumatu wadda rabin mutanen garin ita ta yanke musu cibiya. Na koma mai riƙe biro, ita ke tambaya. Ko sau ɗaya ba ta ce "'ya'yanki nawa" ba. Takan zauna ta miƙe ƙafa, ta nemi ruwa, ta yi tsiyar miya, sannan ta ce, "Ke, wannan na bayanki wa yake bi? To ita kuma wa take bi? Kafin ita fa, ba ni na karɓi wani da daminar da rafi ya ci gonar Malam ba? Yana ina yanzu?" Daga na goye take farawa ta yi sama, tsani-tsani, har ta isa inda uwa ba ta iya faɗa, sai ta faɗa da kanta, uwar ta gyaɗa kai kawai. In ta ga tazarar shekara huɗu tsakanin yara biyu sai ta tsaya a wurin, ta sassauta murya. Akwai wani a tsakani, ko yana wani gida ko yana ƙasa.

Yara fiye da goma muka samo waɗanda ba su da layi. 'Ya'yan fari a hannun kakanni. 'Yan riƙo da gidan haihuwa ya ce suna can, gidan riƙo ya ce ai ba nasu ba ne. Almajirai da aka ba wani malami mai tsangaya a bakin kurmi. Yara masu kiwon awaki da ke kwana tare da dabbobi. Ban da 'yan ƙwadago da ke zuwa daga nesa aikin gona, waɗanda ba mai gida ko ɗaya da zai ce nasa ne. Da likita ya sa su a taswira sai kowa ya yi shiru. Kusan dukkansu a gefe suke, wajen dushe da aduwa da dararriyar ƙasa, inda takardun man zurma suka fi cika. Da ƙirgarmu ta zubar da mutane barkatai ne, nan ɗaya can ɗaya, da da sauƙi. Ita kuwa ta tsame waɗanda suka fi kusa da ƙudan ne ta ajiye gefe, ta bar mana masu kwana a tsakiyar gari, sannan ta ce mana garin lafiya lau.

Biyu daga cikinsu saifarsu ta sauko. Ɗaya almajiri ne, gwaji ya tabbatar, muka tafi da shi a motarmu. A lokacin maganin Pentostam ne, allura ɗaya kullum har kwana talatin, a tsoka, mai zafin gaske. Yaron da ba shi da naman kirki a ɗuwawu, yau dama gobe hagu, har wurin ya yi tauri ma'aikaci yana laluben inda zai soka. Na riƙa zuwa duba shi, ba don kirki ba, don in sami inda zan ajiye idona. A mako na farko ba ya ko kuka. A na biyu zazzaɓi ya sauka, ya fara zagin mai allura, ma'aikatan suka ce alhamdu lillahi, wanda ya iya zagi ya tashi. Bayan wasu watanni ƙuraje suka feso masa a fuska, daga gefen baki suka bazu. Malaminsa ya tsorata, ya ce ko ƙyanda ce. Abu ne sananne a Sudan, kusan rabin waɗanda suka warke sukan yi su, yawanci kuma su baje da kansu. Nasa ma sun baje.

Na yi shekaru a wannan aikin bayan haka, abubuwa kuma sun sauya. An sami ɗan tsinken gwaji da ke ba da amsa cikin mintuna a gindin bishiya. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa magunguna biyu a gabashin Afirka, kwana talatin ya koma goma sha bakwai. A 2023 aka tabbatar Bangladesh ta kawar da kalazar daga matsayin annobar da ke damun jama'a, ita ce ƙasa ta farko. A shekarar ce kuma yaƙi ya ɓarke a Sudan, mutane suka kwararo Gadarif, da yawa suna kwana a fili, jikinsu bai taɓa sanin ƙudan nan ba. Mun san abin da irin wannan ke haifarwa. A yammacin Nilu ta Sama, a kudu, tsakanin 1984 da 1994, an ƙiyasta kalazar ta kashe mutum kusan 100,000 cikin kimanin 280,000, ana tsakiyar yaƙi. Kuma wannan adadin ba daga littafin asibiti aka samo shi ba. Waɗanda suka tsira aka zaunar aka tambaya su wa suka rasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya takan ce ana samun sababbin masu kalazar 50,000 zuwa 90,000 a shekara, kuma kashi 25 zuwa 45 cikin ɗari ne kawai labarinsu ke iso mata. A tarurruka nakan ji ana dora laifin a kan rashin hanya da rashin asibiti da rashin kuɗi, kuma duk gaskiya ne. Ba na jin ana ambaton tafinta. Tsakanin bakin mace a ƙauye da teburin da ake raba magani akwai mutum biyar ko shida, kowa yana da rana mai faɗuwa da direba mai jira da abin da ya riga ya yarda da shi. Rahoto yakan faɗi irin gwajin da aka yi da inda aka sayo shi, ba ya faɗin wanda ya yi tambaya da yadda ya yi ta. Da aka fara ba ni sababbin ma'aikata in koya musu, nakan ba su labarin gida na 47. Shekaru da yawa ina cewa wani abokin aikina ne ya yi. Sai da furfura ta fito mini na fara cewa ni ne.

Akwai abin da ban cika faɗa musu ba. A rana ta ƙarshe ta sake ƙirgar nan muka koma gidan, ni da ungozoma, don a ba yaron layinsa. Likita ya ce a rubuta shi a matsayin wanda yake raye a Nuwamba, ya rasu a Janairu. Layukan gidan sun riga sun cika a jere, sai a gefen takarda na sami wuri. Ina buƙatar suna. Na dubi tsohuwa, ta buɗe baki sai kuka ya ci ƙarfinta, karo na farko. Ungozoma ta san sunan, amma ta yi shiru tana tauna goronta, ta bar wa masu shi. Uwar tana tsugune tana wanke tukunya. Ko a ranar ba ta kama sunansa ba. 'Yar shekara shidan nan ce ta matso ta faɗa mini, har da laƙabin da ake tsokanarsa da shi.

Na rubuta. Muna fita, mun kai bakin ƙyaure, sai na ji muryar uwar a bayana, ƙasa-ƙasa kamar wancan karon.

"Malam, ka sa shi?"

Na ce, "Na sa shi."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da wankin tukunyarta.